Daga New Delhi zuwa Dawanau: yadda dokokin ciniki da noma ke yanke farashin abinci

A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce naira 80,000 a kasuwanni da dama, har ta kai ga matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta. Da aka shiga 2025 sai labari ya juye. Masara da shanshera suka sauko, magidanci ya ɗan sarara, kuka ya koma bakin manomi, wanda ke cewa kuɗin da zai sayar da amfaninsa ba zai mayar masa da na taki ba.

Damina ta taka rawa a wannan sauyi, haka ma matsalar tsaro. Amma akwai wani hannu da ba a cika gani ba, wato dokokin da gwamnatoci ke kafawa kan abin da zai shigo ƙasa, da abin da zai fita, da wanda za a tallafa wa. Wasu daga cikin dokokin a Abuja da Yamai aka sa musu hannu. Wasu kuwa a New Delhi da Moscow da Washington da Brussels aka yanke su, ba tare da an tuna da mai awon kwano a Dawanau ko Maraɗi ba.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024, kuma a Afirka abin ya shafi mutum ɗaya cikin biyar. Wannan na faruwa ne alhali duniya na noma hatsin da ya kai tan biliyan 2.8 a shekara, wanda ya ishi kowa. Tambayar ita ce: me ke shiga tsakanin hatsin da bakin mai jin yunwa?

Kalmomin da ake yawan ji

Harajin shigo da kaya, wanda 'yan kasuwa ke kira kuɗin kwastan ko fito, shi ne abin da gwamnati ke karɓa a kan kayan waje kafin su shiga kasuwa. Idan aka ɗaga shi, kayan waje sun yi tsada, manomin gida ya samu sararin sayar da nasa da daraja, mai saye kuma ya biya ƙari. Hana fitar da kaya kishiyar wannan ne: ana tsare amfanin gona a cikin ƙasa domin ya yi araha, mai saye ya ji daɗi, manomi ya rasa kasuwar da ta fi tsoka, ƙasashen da suka saba saye a wurinsa kuma su shiga neman mafita.

Tallafi kuwa kala-kala ne. Akwai rangwamen taki da iri, akwai bashi mai sauƙin ruwa, akwai alƙawarin gwamnati na sayen amfani a kan tsayayyen farashi, akwai kuɗin da ake zuba wa manomi kai tsaye a asusunsa. Sai canjin kuɗi, wanda ba a cika lissafa shi cikin manufofin noma ba, amma sau da yawa ya fi sauran duka tasiri, domin da dala ake cinikin alkama da shinkafa da taki a kasuwar duniya.

Kowace daga cikin waɗannan tana ɗauke nauyi daga kan wani ta ɗora wa wani. Babu wadda ke zuwa kyauta.

Yunwa ga hatsi a kasuwa

Wanda ya san abin da ya faru a Nijar a 2005 ba ya buƙatar dogon bayani kan bambancin ƙarancin abinci da rashin ikon sayensa. Fari da fara sun rage amfanin 2004, amma giɓin bai kai girman bala'in da ya biyo baya ba. Abin da ya dagula lamarin shi ne kasuwa. Hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, sai gero ya riƙa gangarowa kudu maimakon ya haura arewa. Burkina Faso da Mali suka taƙaita fitar da nasu. Farashin gero ya ninka, na dabbobi ya faɗi, makiyayin da ke sayar da akuya ya auno abincin wata guda sai ya koma sayar da biyu ko uku. Yaran da suka fi galabaita a jihohin Maraɗi da Damagaram suke, wato inda aka fi noma, kuma a lokacin ga buhunan gero jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Masanin tattalin arziki ɗan Indiya Amartya Sen ya daɗe da nuna irin wannan game da yunwar Bengal ta 1943: mutane sun mutu ne saboda farashi ya fi ƙarfin abin da suke samu. Shi ya sa duk dokar da ta taɓa farashi ta taɓa yunwa kai tsaye. Gidan talaka a yankinmu yakan kashe fiye da rabin abin da ya samu a kan abinci. Idan shinkafa ta ƙara kashi 30, mai hali zai rage wani abu daban, talaka kuwa kwanon tuwo zai rage, ko ya janye nama da mai da wake daga miya.

Shinkafa: kasuwa siririya mai saurin firgita

Fiye da rabin mutanen duniya na cin shinkafa, amma yawancinta a inda aka noma ta ake cinye ta. Abin da ke tsallake iyaka bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke riƙe da shi: Indiya, Tailan, Biyetnam, Pakistan da Amurka. Indiya kaɗai tana da kusan kashi 40 na shinkafar da ake fitarwa. A irin wannan kasuwa, idan babba ɗaya ya rufe ƙofa, kowa sai ya ji a jikinsa.

An gani a 2007 zuwa 2008. Ba a yi wani fari da ya cinye shinkafar duniya ba, hasali ma an samu amfani mai yawa a wannan kakar. Alkama ce ta fara tsada, sai Indiya ta ji tsoron kada abin ya shafi abincin mutanenta, ta taƙaita fitar da shinkafa a watan Oktoban 2007, ban da basmati, wato doguwar shinkafa mai ƙamshi. Biyetnam ta bi sahu, Masar da Kambodiya ma haka. Filifin, wadda ita ce kan gaba wajen saye a lokacin, ta firgita ta shiga neman shinkafa ko nawa ne. 'Yan kasuwa suka ƙulle sito, manoma suka riƙe nasu, matan gida a Asiya suka riƙa sayen buhu biyu maimakon ɗaya. Cikin 'yan watanni tan ɗin shinkafar Tailan ya tashi daga dala ɗari uku da wani abu zuwa sama da dala 1,000.

Abin ya yi kama da 'yan kallon dambe: na gaba ya miƙe don ya gani da kyau, na bayansa ma dole ya miƙe, daga ƙarshe kowa na tsaye kuma babu wanda ya fi gani, sai gajere da aka bari yana kallon ƙeyar mutane. Gajerun a nan su ne ƙasashen da ba su da rarar fitarwa kuma ba su da kuɗin yin rige-rige. An yi tarzomar tsadar abinci a Kamaru, Burkina Faso, Senegal da Kwaddibuwa. A Haiti majalisa ta tsige firaminista a watan Afrilun 2008. Daga baya masana a Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa kusan kashi 45 na tashin farashin shinkafa a wancan lokaci ya samo asali ne daga irin waɗannan matakai na kowa ya yi ta kansa.

Yadda wutar ta mutu ma abin lura ne. Japan na da tarin shinkafar waje a rumbunta, wadda dokar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO, ta tilasta mata saye duk shekara alhali mutanenta sun fi son tasu. Da aka ji cewa za ta saki wani kaso a kasuwa, farashi ya fara saukowa tun kafin a loda jirgi ko ɗaya. Tsoro ne ya hau da shi, labari kuma ya sauko da shi.

Shekara 15 bayan haka aka maimaita. A watan Satumban 2022 Indiya ta hana fitar da tsakin shinkafa, wanda shi ne abincin yau da kullum a Senegal. Ranar 20 ga Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, a watan Agusta kuma ta ɗora harajin kashi 20 a kan wadda aka turara, irin wadda aka fi ci a Najeriya. Farashin tan ɗin shinkafar Tailan ya kai kusan dala 650, abin da ba a gani ba tun 2008. Benin, Senegal, Kwaddibuwa, Togo da Gini na cikin manyan masu sayen shinkafar Indiya, don haka Afirka ta Yamma ce ta fara karɓar bugun.

Indiya na da hujjojinta. Ruwan daminarta ya zo da tangarɗa, farashi na hawa a cikin gida, ga zaɓen 2024 na tafe, kuma gwamnati na raba hatsi kyauta ga mutum kusan miliyan 800. Masu kare matakin na cewa babu shugaban da zai bar jirage na fita da abinci alhali mutanensa na kokawa, kuma Indiya ta ci gaba da sayar wa wasu ƙasashe ta hanyar gwamnati da gwamnati. Masu suka na cewa rumbunan gwamnatin Indiya cike suke a lokacin, sun ma wuce abin da doka ta ce a ajiye, kuma manomin Indiya kansa ya yi asarar kasuwa. Daga Satumban 2024 zuwa Maris ɗin 2025 aka janye takunkuman ɗaya bayan ɗaya, shinkafa ta malalo kasuwa, farashin duniya ya faɗi ƙasa da inda yake kafin a rufe. Wannan faɗuwar na cikin abubuwan da suka iso kasuwannin arewa a 2025.

Dokar WTO ba ta hana irin wannan ba. Ta amince wa ƙasa ta dakatar da fitar da abinci na ɗan lokaci idan tana fargabar ƙaranci, kuma ƙasar ce ke yanke wa kanta ko ƙarancin ya kai. Abin da aka iya cimmawa a taron WTO na 2022, ƙarƙashin jagorancin shugabarta Ngozi Okonjo-Iweala, shi ne kada a hana Hukumar Samar da Abinci ta Duniya sayen abincin agaji ko da an rufe ƙofa.

Alkama da taki

Rasha da Yukren na fitar da kusan kashi 30 na alkamar da ake ciniki a duniya. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a watan Fabrairun 2022, tashoshin Yukren na tekun Bahar Aswad suka tsaya, ma'aunin farashin abinci na FAO ya kai matsayi mafi girma a tarihinsa a watan Maris. Nan ma ƙasashe suka ƙara wa wutar fetur: Indonesiya ta hana fitar da manja na kusan mako uku, Indiya ta hana fitar da alkama a watan Mayu. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya suka ƙulla da Rasha da Yukren a watan Yuli ta ba da damar fitar da hatsi kusan tan miliyan 33 kafin Rasha ta janye bayan shekara guda.

Najeriya na shigo da fiye da kashi 90 na alkamar da take ci, don haka burodi da taliya da fulawar fanke duk suna bin farashin waje. A Sudan an ga iyakar abin: ƙarin kuɗin burodi a garin Atbara a watan Disambar 2018 ne ya kunna zanga-zangar da ta kawar da Umar al-Bashir.

Taki ya fi alkama ɓoyayyen tasiri, domin sai bayan kaka ake ganin illarsa. Da iskar gas ake yin yuriya, sinadarin fotash kuma Kanada da Rasha da Belarus ne ke riƙe da yawancinsa, China ta taƙaita fitar da nata takin tun 2021. Najeriya na da manyan masana'antun yuriya a Lekki da Eleme, tana ma fitarwa waje, amma hakan bai sa ya yi wa manomin Funtuwa araha ba, tunda masana'anta na auna farashinta ne da abin da za ta samu a dala. Sri Lanka kuwa ta nuna abin da doka guda ke iya yi: a watan Afrilun 2021 gwamnati ta haramta shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, aka janye dokar kafin shekara ta ƙare, amma ƙasar da ke ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye.

Tallafin masu ƙarfi

Ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ƙiyasta cewa ƙasashe 54 da take bibiya na tallafa wa noma da fiye da dala biliyan 800 a shekara. Tarayyar Turai na kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan manufarta ta noma. Amurka da Japan na cikin tsofaffin masu yi, China da Indiya kuma yanzu suna sahun gaba. Manomin da gwamnatinsa ta ɗauke masa wani kaso na kuɗin noma zai iya sayarwa ƙasa da abin da ya kashe, kuma da shi ne manomin da ke noma da guminsa kaɗai zai yi gogayya.

Haiti ce misalin da aka fi kawowa. A 1995, bisa matsin Amurka da masu ba da bashi, ta sauke harajin shinkafa zuwa kashi 3 kacal. Shinkafar Amurka mai tallafi ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite da yawa suka bar gona suka nufi birni, ƙasar ta koma shigo da kusan kashi 80 na shinkafar da take ci. A 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawa cewa manufar ta amfani manoman jiharsa ta Arkansas amma ta cutar da Haiti.

A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai ƙorafi WTO kan tallafin da Amurka ke bai wa masu noman auduga. Auduga ba abinci ba ce, amma kuɗinta ne abincin miliyoyin gidaje. Brazil ce ta yi ƙarar da ta yi nasara, aka sasanta da ita da kuɗi a 2014, ƙasashen Afirka huɗun kuwa har yanzu suna jira. Haka garin madarar Turai da ake cire wa mai a maye gurbinsa da man ja, yana shigowa ƙasashen ECOWAS da harajin kashi 5, ya fi nonon Bafulatana araha ga masu yin yogot.

Akwai ɗaya ɓangaren da adalci ya ce a faɗa. Abinci mai tallafi araha ne ga talakan birni, kuma da za a janye tallafin duniya gaba ɗaya yau, ƙasashen da ke dogaro da saye za su fara biyan ƙari kafin manomansu su cike giɓin. An kuma samu ci gaba: a taron WTO na Nairobi a 2015 aka amince a daina ba da tallafin fitar da amfanin gona kai tsaye. Sai dai tallafin cikin gida na nan, kuma tattaunawar da WTO ta fara a Doha a 2001 don daidaita shi ta cije. Wani lokacin ma manufar masu ƙarfi tsada take jawowa: dokar Amurka ta gauraya fetur da sinadarin ethanol na cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar, abin da ya ɗaure farashin masara da na mai.

Najeriya: a rufe, a buɗe

Najeriya ta gwada kusan kowace hanya. An haramta shigo da shinkafa a 1985, aka buɗe a 1995. An haramta alkama a 1987, aka buɗe a 1992. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kaya 41, har da shinkafa, samun dala a farashin gwamnati, sannan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020.

Dalilin rufewar a bayyane yake. Harajin shinkafa a tashar Legas ya haura kashi 50, na Kwatano kuwa ɗan kaɗan ne. Sai Benin ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen turararriyar shinkafa a duniya, alhali mutanenta ba ita suka fi ci ba. Daga Kwatano tirela ke ɗauko ta zuwa Gaya da Maraɗi, a sauke a sito, sannan 'yan fito su ɗaura buhu uku ko huɗu a kan babur su bi hanyar daji su ɓullo ta Jibiya, Illela ko Kamba, wasu a sauya musu buhu su shiga kasuwa da sunan 'yar gida. Girman giɓin farashi tsakanin ƙasashen biyu shi ne ribar ɗan fasa-ƙwauri, kuma shi ke biyan duk wanda za a gaisa da shi a hanya.

Masu goyon bayan kariya na nuna abin da aka samu: noman shinkafa ya faɗaɗa a Kebbi, Jigawa, Kano da Ebonyi, manyan injinan casa sun tashi daga 'yan ƙalilan zuwa gommai, matasa sun koma fadama, 'yar Hausa ta samu gyara har ta shiga manyan kantuna. Suna kuma tunatarwa cewa Japan da Koriya ta Kudu da Turai duk da kariya suka gina nomansu. Masu adawa na cewa mai saye ne ya biya kuɗin wannan ci gaba, domin farashi ya hau tun daga 2019 ya yi shekaru bai sauko ba, bashin da ya haura naira tiriliyan 1 kaso mai yawa bai dawo ba, kuma amfanin da ake samu a kowace hekta bai kai na Asiya ba. A ganinsu, haraji na sa shinkafar waje ta yi tsada amma ba ya sa ta gida ta yi arahar nomawa. Wannan aikin madatsun ruwa ne da iri mai kyau da hanya da wutar lantarki da tsaro.

A 2023 aka sauya alƙibla. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kuɗin dakon kaya, da man injin ban-ruwa, da taki, da maganin feshi duk suka hau lokaci guda, daidai lokacin da Indiya ta rufe ƙofa. Faɗuwar naira ta kuma sa hatsin Najeriya ya yi wa mai sefa araha, sai ya riƙa fita. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da wannan ya haɗu da kyawun kaka, da daidaituwar naira, da faɗuwar farashin duniya, abinci ya sauko.

Nijar ba ta sha bugun canjin kuɗi ba tunda sefa na ɗaure da yuro, amma ta sha na iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Yamai ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Wake da gero da suka saba bin hanyar Maigatari da Dawanau suka tsaya, alhali cinikin iyakar ya girmi ƙasashen biyu, kuma shi ke cike giɓi idan damina ta yi kyau a gefe ɗaya ta ƙi a ɗayan.

Wa ke ɗaukar nauyin

Ana yawan raba mutane gida biyu, manomi mai son tsada da ɗan birni mai son araha. A ƙauye abin bai rabu haka ba. Ƙaramin manomi na sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya karye, domin ya biya bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya auno hatsin da tsada, wani lokacin a hannun wanda ya saya masa. Tsadar da aka ce don manomi aka yi ta, mai sito da babban manomi ne suka fi morar ta. Arahar da aka ce don talaka aka yi ta kuma, idan ta faɗo daidai kaka, ƙaramin manomin ne ke fara kwana a ciki.

Hana fitar da kaya ma haka yake. A watan Agustan 2025 Najeriya ta dakatar da fitar da ƙwallon kaɗanya na wata shida domin masana'antun gida su samu abin sarrafawa. Farashi ya faɗi nan take, kuma waɗanda suka fara ji su ne matan karkara da ke tsintar ƙwallon, ba masu fitarwa kaɗai ba.

Inda ɓangarorin muhawarar suka fi kusantar juna shi ne batun rashin tabbas. Noma lissafin watanni ne, injin casa lissafin shekaru. Manomin da ya ci bashi ya shuka bisa tunanin iyaka a rufe take, aka buɗe kafin ya girbe, ba zai sake yarda ba. Ɗan kasuwar da bai san ranar da za a rufe ba kuma zai ɓoye kaya ya ƙara riba don kare kansa. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 za su ware kashi 10 na kasafi ga noma, ƙalilan ne suka cika, kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar da ta fara aiki a 2021 ba ta hana maƙwabta rufe wa juna ƙofa ba.

Ga mai son hasashen inda farashi zai dosa, daminar Indiya da zaɓukanta da kuma canjin naira na ba da alama tun da wuri. Alamar da ta fi kusa kuwa ita ce yawan buhunan shanshera ko masara da manomi zai sayar kafin ya sayi buhun yuriya ko kamfa guda. Idan adadin ya ƙaru, zai rage faɗin gona, ko ya rage taki, ko ya koma waken suya da riɗi da ba sa cin taki sosai. Ƙarancin da hakan zai haifar ba ya bayyana a kasuwa sai bayan kaka mai zuwa, lokacin da wa'adin janye haraji ya riga ya ƙare.